Rasuwar Lamba Ɗaya, Sandar Golf ta Gidan Injiniya Albashir

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya kasa barin wani ɗan baƙin tabo a bangon bayan ƙofa inda marigayiya ta saba jingina, iyalan Injiniya Albashir na Gwadangaji, Birnin Kebbi, suna sanar da ’yan uwa da abokan arziki rasuwar Lamba Ɗaya, babbar sandar golf ta gidan. Ta rasu wata Asabar da hantsi a bakin gulbi, bayan garin Argungu, tana kan aikinta. Tabon na gumin hannu ne da ya taru a mariƙinta shekara da shekaru, yana shafar bango kaɗan-kaɗan. Kausar, autar gidan, wadda aka ɗora wa rubuta wannan sanarwa, tana shara ta lura da shi. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana jiran ta ji wani abu. Ba ta ji komai ba, sai ta ci gaba da shara.

Marigayiya ba ’yar ƙasar nan ba ce. An haife ta a wata ƙasa mai sanyi da ba wanda ya taɓa zuwa a cikin dangi. Kanta na itace ne, ja mai ƙyalli kamar goron da aka goge da bakin zane. A tafin ƙafarta akwai ɗan farantin tagulla da aka buga wa lamba ɗaya, daga nan sunanta ya fito. Jikinta siririn ƙarfe ne, wuyanta naɗe da baƙin zare, mariƙinta fata. Injiniya ya same ta a Jos yana saurayi, lokacin da aka tura shi kwas na aikin ruwa, a hannun wani dattijo da ciwon baya ya raba shi da wasa. Ta riga Kausar zuwa gidan. Ta ma riga Inna Kulsumi, mahaifiyar Kausar. Shi ya sa idan yarinyar ta shigo gaida ubanta da safe, yakan nuna bayan ƙofa da haɓa ya ce, "Kin gaishe da yayarki?" Ita kuwa ta russuna ta gaishe ta, har ta shiga sakandare tana yi.

Ga waɗanda ba su san inda marigayiya ta yi hidima ba, kada su kawo irin filin da ake gani a talabijin. Wani tudu ne mai tsakuwa tsakanin gonakin albasa da gulbi, na dangin Inna Kulsumi, wanda ko gero ba ya yarda da shi. Injiniya da abokansa ’yan fansho suka share shi, suka haƙa ramuka, suka kewaye kowane rami da yashi mai laushi da aka cuɗa da baƙin mai. Damina ta ci rabinsa, rani ya dawo da shi. Ciyawa kuwa shanu ke aske ta, ba a roƙe su ba. ’Yan tsinkayen nan da ake ɗora ƙwallo a kai don bugun farko sun ƙare tun da daɗewa, sai mutanen suka koma laka. A ɗebo daga bakin ruwa a tafin hannu, a mulmula kamar lomar tuwo, a zaunar da ita a ƙasa, a danna tsakiya da babban yatsa, a ɗora ƙwallo. Kuma dokar filin ita ce mutum ba ya gina wa kansa. Abokin wasanka ke durƙusa ya gina maka, ko da kun kwana da faɗa.

Halinta ba ya buƙatar shaida. Ba ta da yawan magana. A kowane rami sau ɗaya take buɗe baki, a bugun farko, sai ta koma jaka ta bar wa ƙannenta sauran aiki. Ba ta taɓa ƙarya ba. Idan ƙwallo ya same ta a tsakiyar goshi sai ta ce ƙwas, murya ɗaya, busasshiya, mai tsabta, wadda masu ban ruwa ke ji daga can ƙarshen fadama. Idan aka kuskure sai ta ce ɓus, kowa ya san halin da ake ciki tun kafin a ɗaga ido. Ba ta taɓa ɗora wa iska laifi ba, ko da yake masu riƙe ta sun sha yi.

Masu ta’aziyya da suka fara zuwa kowa da bugun da yake tunawa. Malam Riskuwa, tsohon hedimasta kuma aminin Injiniya, ya fi son na ramin farko, wanda ke fuskantar gabas ta kan gonakin albasa, da wani gawo a tsaye a tsakiyar hanya. Ya ce wata safiya Injiniya ya ɗaga ƙwallo ya tsallake kan gawon nan cif, ya shige cikin rana, kowa ya rasa shi, sai wani mai ban ruwa ne ya nuna musu inda ya faɗi da ƙwaryarsa ba tare da ya miƙe ba. Kausar tana wurin, jakar tana kafaɗarta. Ita ba tashin ƙwallon take tunawa ba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar albasa take tunawa, da yadda ubanta bai ko bi ƙwallon da ido ba. Sunkuyawa ya yi ya nuna mata lakar. Tana nan zaune yadda aka gina ta, da shatin yatsa a kanta, sandar ta ɗauke ƙwallon ba ta ko shafe ta ba. Ranar ta koyi cewa a filin nan ba a auna bugu da nisansa. Laka ake dubawa.

Kawu Dankure, ƙanen Inna Kulsumi, masunci ne a Argungu, kuma bai taɓa riƙe marigayiya don wasa ba, amma ya fi kowa sanin ramin tsallake, inda ake bugowa ta kan wani reshe na gulbi. Yana ƙasa cikin kwalekwalensa kullum, duk ƙwallon da ya gaza shi ke tsamo shi da homa, ragarsa ta kamun kifi. Tsakaninsa da Injiniya wasa ne na miji da ƙanen mata, ba ya ƙarewa. Daga cikin ruwa zai ɗaga murya, "Injiniya, babba da girmanai ka bin ƙwai cikin rana!" Injiniya ya amsa yana gyara tsayuwa, "Gara ni, Dankure, nawa ba ya wari." A wannan rami ne wata rana, iska tana busowa daga ruwa, marigayiya ta aika ƙwallo ƙasa-ƙasa kamar an ja zare. Muryarta ta tayar da garken balbelu daga cikin shinkafa, ƙwallon ya ratsa tsakiyarsu, aka yi ɗan lokaci ba a san wanne ne tsuntsu wanne ne ƙwallo ba. Ko Kawu ya bar tuƙi, kwalekwalen ya juya da shi yana kallon sama.

Akwai kuma bugun da ba wanda ya ambata, don bai yi nisa ba. Kausar ta daɗe tana ɗaukar jaka ba ta taɓa cewa a ba ta ta gwada ba. Wani hutu da ta dawo daga jami’a, ubanta ya miƙa mata marigayiya ta wajen mariƙi, ya durƙusa ya gina mata laka. Ta mayar da bakin hijabinta bayan kafaɗa, ta ɗaga, ta sauke, ta kwashe lakar gaba ɗaya ta watsa wa Malam Riskuwa a farar riga. Ƙwallon yana nan a ƙasa. Injiniya ya sake durƙusawa ya gina wata. A karo na biyu marigayiya ta ce ƙwas, a hankali, kamar mai magana da ƙaramar ƙanwa. Ƙwallon ya tafi miƙe, ya sauka kafin gawo. Malam Riskuwa ya duba rigarsa ya ce, "To, ɗiya ta gaji gida. Saura mu ji wa ka wanke mani riga."

Sai hawan jini ya kayar da Injiniya. Ɓarinsa na dama ya shanye, magana ta tafi ta bar masa kalma ɗai-ɗai. Likita ya ce ƙafar da ba a taka ta kullum mantawa take yi, kuma idan ta manta ba ta cika tunawa ba. Aka sayo sandar asibiti mai ƙafa huɗu. Ya dube ta sau ɗaya. Har yau tana cikin ledarta a saman kabad. Ya ƙi fita titi don kada maƙwabta su tsaya suna yi masa sannu. Asabar kaɗai yake yarda. Malam Riskuwa ya zo da tsohuwar Fijo ɗinsa, a kama hanyar Argungu, daga inda mota ta tsaya har zuwa wurin bugu Injiniya ya taka da ƙafarsa, hannunsa a kafaɗar Kausar. Ya sunkuya da ƙyar ya gina laka da hagu. Ya zauna a kujerar roba ya rufe ido. Kausar ta buga.

Asabar ta farko, da marigayiya ta ce ƙwas, ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Haka." Ita ce kalma ta farko da ta fito masa sarai tun da ya faɗi. Daga nan gidan ya gane cewa tafiyar mutumin nan ta mako duka a kan murya ɗaya take rataye. Don ita yake yarda Kausar ta zagaya tsakar gida da shi ranar Laraba da Alhamis, wai kada Asabar ta same shi bai shirya ba.

Ciwon ajalinta ya fara da zafin bazara. Zaren wuyanta ya soma warwarewa, kanta ya fara girgiɗi, bayan kowane ƙwas sai a ji wani ɗan kas-kas yana biye. Kausar tana ta tambaya a waya ko akwai mai irin wannan gyara a Jos ko Kaduna. Ana cikin haka, wata Asabar Kawu ya cika bayan mota da buhun albasa da busasshen kifi, jaka ta rasa wuri, aka bar ta a gidansa sai mako ya zagayo. Kawu ya ɗauki marigayiya ya jijjiga, ya ji. A Argungu kowace kaka ta san maganin kan da ya kwance. Gatari ko fartanya idan ƙota ta yi sako-sako, ruwa ake jiƙa ta ta kumbura ta kama. Kwalekwale idan ya fara yoyo, nutsar da shi ake yi a gulbi itacen ya sha ya rufe bakinsa. Kawu ya ɗaure marigayiya da igiya a turken kwalekwalensa, kai a cikin ruwa, ta yi kwanaki. Da ya ga ta ƙoshi, ya shanya ta a kan rumfa, cikin rana, kusa da kifi. Da ƙauna ya yi, iyalan suna so a san wannan.

Ranar Asabar ya tare su a ramin tsallake, ya miƙo ta da hannu biyu, fuskarsa duk haske. "Jijjiga ki ji, ɗiyata. Ni nis shayar da ita gulbi. Ko gatarin maƙera ba ya kai ta ƙarhi yanzu." Kausar ta jijjiga. Ba abin da ya motsa. Ƙyallin kan ya dushe, tana ƙarnin ruwa, kuma daga bakin tagullar har tsakiyar kai akwai wani layi siriri kamar gashi. Ta ce, "Na gode, Kawu." Ta waiwaya. Ubanta ya riga ya taka tun daga mota, ya riga ya sunkuya, yana danna laka da babban yatsan hagu. Ya zauna ya rufe ido. Ta gyara tsayuwa.

Kalmar marigayiya ta ƙarshe ba ƙwas ba ce, ba ɓus ba ce. Ɓaras ta ce, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Ƙwallon ya gangara ya tsaya cikin ciyawa. Kanta ya tashi shi kaɗai, ya juya a sama, ya fi ƙwallon nisa, ya faɗa gulbi a wuri biyu. Kausar ta duba ƙasa. Lakar tana nan zaune da shatin yatsa a kanta, ba a shafe ta ba. Injiniya idonsa a rufe, yatsansa ya kai rabin hanya. Ya sauke shi a kan gwiwa. Injin ban ruwa yana ta bugawa a gonar albasa. Kawu ya faɗa ruwa da rigarsa da hularsa. Kafin azahar shi da abokansa masunta suka tsamo rabin kai, mai tagullar. Ɗaya rabin gulbi ya riƙe.

Ta rasu ta bar ƙanne na ƙarfe, waɗanda ba su iya magana da ƙarfi ba, da autarsu mai gangara ƙwallo a kan yashi. Ta bar jaka da zif ɗinta ya riga ta tafiya, da tsohuwar safar Injiniya da ake rufe mata kai da ita, da ƙwallaye masu yawa, wasu a gida, wasu a ƙasan ruwa inda ta aika su da kanta. Ta bar gawo, wanda yanzu ba mai tsallake shi. Ta bar Malam Riskuwa da mota mai mai a ciki da Asabar da babu inda za a je. Ta bar ƙanwa ɗaya. Ta bar tabo a bango.

Ta bar Injiniya Albashir, wanda tun ranar bai taka ƙofar ɗakinsa ba. Malam Riskuwa ya sa ɗansa ya aiko da sabuwar sanda daga Abuja, mai ƙaton kan ƙarfe, fanko a ciki. Kausar ta rataye tabarma a tsakar gida daidai tagar ubanta, ta buga ƙwallo a ciki don ya ji. Sabuwar ta ce ting, kamar faranti ya faɗi a madafa. Injiniya ya juya fuskarsa bango. Ƙafar dama ta fara kumbura. Likita ya maimaita maganarsa, Inna ta maimaita ta likita, har ta gaji ta bari. Kausar tana cin abinci, tana salla, tana hawa Keke Napep zuwa aiki tana dawowa. Mata masu shigowa suna yaba haƙurinta. Ba haƙuri ba ne. Kamar ƙafar da ta sage ne saboda dogon zama, ana taɓa ta, mai ita yana gani, ba ya ji.

Kawu Dankure kuwa ya bar kamun kifi ya koma zaman zaure. Yana shigo motar safe daga Argungu da ƙunshin kifi, ya miƙa ciki, ya zauna a tabarma. Inna takan leƙo ta ce, "Shigo mana, Dankure, gidan yayarka na." Ya ce, "Bari dai, Yaya, nan ma ya ishe ni." Jikin marigayiya yana jingine a zauren, bakin da ya karye yana da kaifi, har ya yaga tabarma. Kawu ba ya iya kallon abu a lalace ya ƙyale. Ya yanko guntun tsohon filafilin tuƙa kwalekwale, ya sassaƙa, ya cusa bakin ƙarfen a ciki, ya buga guntun taya a ƙasa. Da Kausar ta zo wucewa ya ce, idonsa a ƙasa, "Don kar ta soki wani. Wanga karon ban sa ta ruwa ba." Iyalan suna roƙon masu zuwa ta’aziyya kada su tambayi yadda abin ya faru a gabansa.

Za a yi jana’izarta ranar Asabar mai zuwa. Za a tashi daga Gwadangaji bayan sallar asuba a motar Malam Riskuwa, duk wanda ya rasa wuri ya biyo a babur. Za a binne ta a wurin bugun ramin farko, tana fuskantar gawo. Ba wanka, ba salla, itace ce da ƙarfe, iyalan sun san haka, kuma ba su ce Allah ya jiƙanta ba tun da ba ta da hisabi. Za a sa mata safarta. Ana roƙon kowa ya ɗebo laka daga bakin ruwa ya gina wa na kusa da shi, a ɗora ƙwallo, a bar shi a haka. Ba za a buga ba. Masu ban ruwa na kusa, in da hali, su kashe inji na ɗan lokaci. Ba zaman makoki, akwai shayi da ƙosai a gindin gawo. Kada kowa ya kawo sabuwar sanda.

Gyara ɗaya ne a kan abin da aka riga aka faɗa wa wasu da baki. Da an shirya a binne rabin kan tare da jiki, an kuma ce wa mai haƙa ya yi dogon rami. A gaya masa gajere ya isa.

Yau da hantsi Kausar ta kai wa ubanta su biyun, jikin da rabin kan cikin safarsa, ɗaki don ya yi musu ganin ƙarshe, ta ajiye a bakin gado. Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo, ya shafa tagullar da babban yatsa ya mayar mata. Jikin ya ɗauka ta wajen mariƙi, yatsunsa na hagu suka kwanta inda fatar ta lotsa. Ya daɗe yana duban guntun filafilin da tayar da ke ƙasa. Ya dogara ta a siminti ya danna. Ya sake dannawa. Sai ya miƙe. Kausar ta matso da kafaɗarta yadda ta saba, hannun bai zo ba. Ta tsaya da safa da rabin kai a hannu, tana jin wata murya da ba ta taɓa ji daga marigayiya ba, tuf, sai jan ƙafa, tuf, sai jan ƙafa, ta ratsa tsakar gida, ta wuce Inna da ludayi a sama, ta shiga zaure. Kawu ya zabura ya miƙe, ya cire hula, ya buɗe baki. Injiniya ya tsaya ya dube shi, ya dubi ƙasan sandar, ya sake dubansa. Ya ɗaga ƙafar dama ya tsallake dokin ƙofa, ya fita.